Wutsiyar Jitar Auta

Ƙanena bai taɓa yarda a kira shi makaɗi ba. Jita yake kaɗawa a gaban jama'a, mutane na rawa, amma in ka ce masa makaɗi sai ya haɗe rai kamar ka zagi uwarsa, wadda kuma ita ce tawa. Shi a faɗarsa ma'aikaci ne, akawu a wani kamfanin saƙa, kiɗan kuwa ilimi ne da yake taɓawa da yamma. Makaɗa, in ji shi, su ne masu bin mutane kasuwa-kasuwa suna roƙo. A tsakar gidana a Gyadi-Gyadi yake faɗin haka, da lomar tuwona a hannunsa, ni kuwa in zuba masa ido kawai, don ni da shi mun san wanda yake nufi.

Babanmu makaɗin fawa ne. Kalangu yake kaɗa wa mahauta a garinmu, haka ubansa, haka kakansa. Ranar kasuwa tun da safe yake rataya kalangu ya tsaya inda ake yanka, ya sanar da gari cewa sa ya faɗi. Mahaucin asali in ya ji wannan kiɗa ba ya iya zama. Jikinsa ke ɗaukar tsuma, ya miƙe yana kirari da wuƙa a hannu, ko da yana tsakiyar ciniki. In kasuwa ta tashi sai a yanko wa Baba kasonsa, kason makaɗi kuwa a wajenmu wuya ne da ɗan kayan ciki, a ɗaure da kaba. Ya rato shi a jikin kalangu ya shigo gida. Da wannan naman aka raine mu. 'Ya'yan liman su yi mana gorin roƙo da rana, da magariba kuma su zo bakin ƙofarmu suna shaƙar ƙamshin miya.

Auta muke ce wa ƙanen nawa, don shi ne na ƙarshe a ɗakinmu. Tun bai iya ɗaura wando ba Baba ya haɗa masa ɗan ƙaramin kalangu, yana biye da shi kasuwa. Daga baya aka sa shi a boko, shi kaɗai a gidanmu, boko kuwa ya karɓe shi hannu bibbiyu. Da ya gama sakandare ya samu aiki a Kano, sai ya sauka a shagon da ke ƙofar gidan aurena. Lokacin ne aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashin nan, gari ya cika da babura da rediyo, kowane saurayi yana ganin shi ne Allah ya fi so. Gyadi-Gyadi a lokacin bakin gari ce, tsakaninmu da Tarauni gonakin gero ne da hanyar ƙafa. Maigidana direban babbar mota ne mai zuwa Kudu, shi ya jawo mana lantarki don fanka da rediyo. Bai san wa Auta ya jawo wa ba.

Auta ya tara suma kamar an kifa masa ƙwarya. Wandonsa sama a matse, ƙasa a buɗe yana share mini zaure, takalmi kuwa mai tudu, in zai shiga ƙofa sai ya sunkuya. Duk wannan bai dame ni ba, ƙuruciya ce. Abin da ya ƙona mini rai shi ne saƙon da ya aika gida, cewa in Baba zai zo Kano ya bar kalangu a can, wai 'yan sanda suna kama masu kiɗa a tasha. Baba bai yi boko ba, amma ba yaro ba ne. Ya aiko ya ce ya gode da aka sanar da shi, daga nan bai sake zuwa ba.

Mutumin da ya hana kalangu shiga Kano shi ne ya shigo mini gida da jita mai tsayin yaro. Shi da wasu samari suka haɗa ƙungiyar kiɗan zamani, wasu 'yan Kudu ne daga Sabon Gari, wasu 'yan boko irinsa. Ta Auta ita ce babbar jita, wadda suke kira bes, wayoyinta huɗu masu kauri kamar na birkin keke. Sai an jona ta da akwatin sifika take magana, maganar kuwa ba ta wuce dum, dum, dum. Aikinta shi ne ta zauna a ƙarƙashin kiɗa ta riƙe shi, mai ita kuma ya tsaya can baya kusa da mai ganga, inda ba mai ganin takalminsa. A gaba akwai wani siririn yaro mai ƙaramar jita, da wani ɗan ƙarfe lanƙwasasshe a gindinta. In ya kama ƙarfen ya girgiza sai jitar ta yi kuka, 'yan mata su dafe ƙirji. Auta yana baya yana dum, dum, yana haɗiyar zuciya.

Ni ɗinki nake yi, kuma ina koya wa 'yan mata. Cikin ɗalibaina akwai 'yar wani Alhaji na Tarauni, yarinya mai fara'a da ba ta taɓa ɗinka layi miƙaƙƙe ba. Kullum in za ta shiga sai ta wuce ta ƙofar shagon Auta, in za ta fita haka. Ba a daɗe ba na lura zarenta yana yawan ƙarewa daidai lokacin da Auta ke dawowa daga aiki, sai ta ce bari ta leƙa kanti. Suka so juna da gaske, wannan kam ba na musu. Ita ce wata rana, ba da nufin komai ba, ta tambaye shi me ya sa tasa jitar ba ta kuka irin ta wancan yaron. Na ji tambayar daga kan keken ɗinkina na ce yarinyar nan ta jawo mana.

Washegari ya ɗauki jitar ya kai wa maƙwabcinmu mai gyaran rediyo, mutumin Kudu, Kirista, wanda ya daɗe a Kano har 'ya'yansa sun fi ni Hausar birni. Yana da wata matacciyar jita a shagonsa mai irin wannan ƙarfe.

"Malam," in ji mai rediyo, "wannan abu na ƙaramar jita ne. Wayoyinka masu kauri ne. In ka danna, ba lallai su koma inda suke ba."

"A Amurka ana yi," in ji Auta.

"To, tunda ana yi a Amurka."

Mai rediyo ya fafe bayan jitar, ya ɗaura mata sifirin na babur don na asalin ba zai iya jan wayoyin ba, ya dasa ƙarfen. Yadda abin ke aiki ba wuya. In ka danna ƙarfen wayoyi su saki, sauti ya nutse, in ka jawo shi su ɗaure, sauti ya hau. Auta yana kiransa tiremolo, yana murɗa harshe kamar zai tofar da ƙaya. Ni na sa masa wutsiya, don haka yake reto a gindin jitar, kuma nawa sunan ne ya bi shi a unguwa.

Farkon abin azaba muka sha. In ya danna wutsiyar sai ka ji kamar sa ne ciki ya murɗa wa. Wata tsohuwa a bayan gidanmu ta aiko tambaya ko dabba muke ɓoyewa ba ta da lafiya, tana da magani. In ya saki kuwa wayoyin ba sa komawa daidai, sai ya zauna yana murɗa kunnuwan jitar, ya kai kunnensa, ya sake murɗawa. Lokacin da yake ɓatawa a gyara ya fi na kiɗan. Shugaban ƙungiyarsu ya ce masa in ya kuskura ya taɓa ƙarfen nan ana cikin wasa, to ya nemi wasu abokan. Man kekena ya fara ƙarewa ba dalili, ashe shi yake ɗiga wa inda wayoyin ke gogawa don su riƙa zamewa su koma. Wata rana na dawo daga barka na tarar da tukunyar miyata a murhu tana tafasa. Na ce Allah sarki, yaron nan ya ji tausayina. Na buɗe na ga wayoyin jita suna iyo. Wai in an dafa su sautinsu yana dawowa sabo, don sababbi sai an aika Legas. Da muciya na raka shi har titi.

Amma dole in faɗi gaskiya, yaron yana da hannu. A hankali san nan mai ciwon ciki ya warke. Ya gano iya inda zai danna wayoyin su dawo, ya daina cakumar wutsiyar kamar zai tumɓuke rogo, ya koma riƙe ta da ƙananan yatsu yana bugun waya da babban. Wata yamma ina kan keke ina ɗinka rigar suna, kiɗan yana shigowa ta zaure, sai na ji ƙafata ta tsaya da kanta. Na ji warin jini da na kaba, na ga hantsin kasuwar garinmu. Hawaye suka zo mini, na ji haushin kaina. Kalangu ai haka yake: a hammata ake matse shi, tsirkiyoyinsa su ɗaure sauti ya hau, a sassauta ya sauka. Mai rediyo, bawan Allah, bai san kalangu mai lantarki ya haɗa ba.

Na tashi na leƙa shagon.

"Auta, me kake kaɗawa?"

"Wani sabon salo ne, Yaya. Baƙaƙen Amurka ke yin sa. Ba za ki gane ba."

"Baƙaƙen Amurkan suna cin kasuwar garinmu ne? Wannan ai shi Baba ke yi in sa ya faɗi."

"Ke komai kika ji sai ki ce Baba."

"To dubi yadda ka riƙe ta."

Ya dubi kansa. Da can a gwiwa yake rataye jitar, yadda ya gani a hotunan bayan faifai. Amma tun da aka dasa wutsiya maɗaurin yake gajarta kaɗan-kaɗan, har ga shi yanzu jita ta hau ƙirji ta shige hammata, gwiwar hannunsa tana matsa ta duk lokacin da ya ja ƙarfen. Ya yi sauri ya sassauta maɗauri, jita ta koma gwiwa, ya ce in rufe masa ƙofa ina shigo masa da sauro. Ba a jima ba ta sake hawowa.

Maganar aure ta taso. Alhaji, uban yarinyar, ɗan kwangila ne, ya gina bene a tsakiyar gonakin Tarauni, ana hango shi tun daga titin Zariya. Kullum cikin farar babbar riga da carbi, kuma ba ya gama magana uku bai ce su gidan malamai ne ba. In ka tambayi garin sai ya nuna gabas da carbin, ya ce can ciki. In motarsa za ta wuce rumfar mahauta sai ya ɗaga gilashi ya kai hankici hanci, wai ƙarnin jini yana tayar masa da zuciya. Naman gidansa ma direba ke sayowa.

Maigidana ne ya raka Auta gaisuwa, shi ya ba ni labari. Alhaji ya dubi sumar, ya dubi takalman da aka tuɓe a bakin ƙofa, ya ce, "Yaro, an ce mini kana kiɗa."

"Alhaji, ba irin wanda aka sani ba ne. Mu ba ma roƙo, ba ma yi wa kowa kirari, ba a yi mana liƙi. Namu da lantarki yake aiki."

"Da lantarki," in ji Alhaji, yana gyaɗa kai. Lantarkin nan ya burge shi ƙwarai. "Mahaifinka fa?"

"Yana noma, Alhaji."

Ba ƙarya ya yi ba, Baba yana da gona, kamar yadda kowa ke da ita. Maigidana ya ce shi dai silin ya ƙura wa ido yana yaba aikin kafinta. Alhaji ya ce noma sana'ar mutunci ce, abin da ba zai lamunta ba shi ne jinin roƙo ya shigo masa zuriya.

Kowa ya san kafin a ba ka 'ya sai an tura mutum garinku, ya sauka a kasuwa ya sha fura, ya tambayi wane ne ubanka, me kakanka ya yi. Na gaya wa Auta ƙarara cewa duk wanda ya tambaye ni zan ce ni 'yar makaɗin fawa ce, in ƙara da sunan kalangun in yana so. Ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki, yana jiran ranar tonon asiri. Shiru, ba wanda Alhaji ya tura. Mu ma da ya kamata mu tura nasu garin, Auta ya roƙi maigidana kada a fara, kada a tuna musu. Na yi ta mamakin mutum mai son asali haka a ce bai binciki asali ba. Auta ya ce wayewa ce. Aka kai kayan na-gani-ina-so, aka karɓa, aka ce sa rana sai bayan bikin babban ɗan Alhaji.

A wannan bikin ne Alhaji ya ga damar nuna wa Kano wayewarsa. Ya ce ba kalangu, ba kotso, ba maroƙi ko ɗaya a ƙofarsa, kiɗan lantarki za a yi, na surukinsa mai jiran gado. Ya sa ƙarti suka kori maroƙan da suka taru tun safe. Suka koma can ƙarƙashin wata darbejiya suka tsugunna, suna kallo da idon waɗanda aka ƙwace wa gona. Bayan la'asar aka jawo waya daga saman bene, aka jera kujeru a ƙarƙashin rumfa. Mu mata muna barandar sama, ni an ba ni wuri mai kyau a matsayin dangin miji na gobe, yarinyar tana gefena. Daga nan ina hango gefen katanga, inda mahautan kasuwar Tarauni da aka ɗauko suke ƙarasa aikin san biki.

Aka fara kiɗa. Manyan baƙi, 'yan kwangila da ma'aikatan gwamnati, suka zauna da lemon kwalba a hannu suna kallo kamar ana karanta musu dokar haraji. Siririn yaron ya girgiza ƙarfensa har ya gaji, ba wanda ya dafe ƙirji. In ban da yara da wasu 'yan makaranta ba mai motsi. Alhaji yana tsakiya a kujera mai hannu, yana murmushin wanda ya sayi abu mai tsada bai san yadda ake amfani da shi ba. Da shugaban ƙungiyar ya ga biki zai mutu a hannunsa, sai ya juya ya yi wa Auta alama ya fito gaba, abin da Auta ya daɗe yana roƙo ana hana shi.

Ya fito da jita a gwiwa. Ya fara da abin da ya kwaikwaya a faifai, yana karkaɗa suma. Sannan ya ɗaga kai ya ga yarinyar a baranda tana masa murmushi. Ya lumshe ido, ya kama wutsiya. Ina kallo ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ɗora a kan akwatin sifika, ya tura jitar sama da cinya har ta shige hammata. Na ce a raina shi ke nan.

Ban taɓa jin kalangu mai girman wannan ba, kuma ba na jin an taɓa yi. Kiɗan faɗuwar sa ne tsantsa, na Baba, har da ɗan jinkirin da yake yi kafin ya matse, amma yana fitowa daga akwati yana girgiza barandar da muke tsaye, yana ratsa gonaki. A gefen katanga wani tsohon mahauci ya ɗago kai daga kan haƙarƙari. Ya saurara. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ban da wuƙa. Kafin ƙartin Alhaji su farga mahauta sun shigo fili da jini a riguna, suna tsuma suna kirari, suna wasa wuƙa a kan wuƙa daidai da kiɗan. Maroƙan darbejiya suka taso a guje, an zo wurinsu. Wani mahauci ya je ya manna wa Auta kwabo a goshi, gumi ya riƙe shi. Shi kuwa ido a rufe, bai san ma ana yi ba, ya koma kasuwar garinmu yana biye da Baba.

Ni Alhaji nake kallo, don ina jiran ya sa a cire waya. Sai na ga babban yatsan ƙafarsa yana motsi a cikin takalmi. Kafaɗarsa ta hagu ta zabura, ya danne ta da hannu. Ya damƙe hannun kujera, gumi yana bin wuyansa, leɓensa yana motsi, ina jin addu'a yake ja. Carbi ya faɗi ƙasa bai ɗauka ba. Da ya miƙe na ɗauka tsawa zai yi. Sai ya cire babbar riga ta ka ya yar a kan wani babban ma'aikaci, ya kai hannu ƙugu yana laluben abin da ba ya nan. Tsohon mahaucin ya miƙa masa wuƙarsa. Alhaji ya karɓa, ya gwada kaifinta a babban yatsa, ya juya ta a tafin hannu yadda ba mai iyawa sai wanda ya tashi da ita. Sannan ya buɗe baki. Ya ambaci ubansa, ya ambaci kakansa, duk sarakunan fawa, ya faɗi shanun da suka kayar, ya faɗi sunan garinsu, wanda ko kusa ba a gabas yake ba. Muryarsa ta fi ta kowa daɗi a filin, kuma rawarsa ta fi ta kowa kyau.

Yarinyar ta damƙe mini wuyan hannu. "Yaya, Baba ne wancan?"

"Shi ne."

"Ashe shi ya sa ba a taɓa kai mu garinsu ba."

Sifirin babur ne ya kawo ƙarshen abin. Auta ya ja wutsiya da ƙarfi, wani abu ya ce tas a bayan jitar, wayoyi suka saki gaba ɗaya, sauti ya zube. Ya buɗe ido. Ya ga mahauta sun kewaye shi, ya shafa goshi ya ji kwabo, ya ga surukinsa da 'yar shara da wuƙa a hannu yana haki. Wuri ya yi tsit. Tsohon mahaucin ne kawai ya yi magana, ya ce shi tun safe da ya ga irin kallon da Alhaji ke yi wa haƙarƙari ya san nasu ne. Alhaji ya dubi wuƙar, ya mayar masa da ita ta ƙota, ya ɗauki rigarsa. Da zai shige gida ya tsaya a gaban Auta.

"Wa ya koya maka?"

Auta ya sunkuyar da kai yana kallon jitarsa.

"Ba a koyon wannan a faifai," in ji Alhaji, ya wuce.

A hanyarmu ta komawa ta cikin gonaki, Auta yana ɗauke da jitarsa mai karyayyen baya, har fara'a yake. Ya ce, "Yaya, ai yanzu an yi kunnen doki. Shi ɗan fawa, ni ɗan makaɗi, wa zai yi wa wani gori?" Boko ya koya masa lissafi, bai koya masa mutane ba, kuma na ji tausayinsa har raina.

Washegari da hantsi Alhaji ya zo da kansa, cikin farar riga da sabon carbi. Suka zauna a zaure shi da maigidana da Auta, ni ina bayan ƙyaure. Ba faɗa ya zo yi ba, muryarsa a kwance take.

"Yaro, hannunka na gado ne. Allah ya yi wa mai shi albarka. Rabona da jin wannan kiɗa tun ina saurayi."

"Alhaji, tunda ashe duk abu ɗaya ne..."

"Ɗaya? A'a. Mu muke yanka, ku kuke tsayawa a gefe har a gama. Ubana bai taɓa haɗa tabarma da makaɗinsa ba, balle ya ba shi 'ya. Ni da ɗan manomi na yi magana."

Maigidana, wanda ba ya son rigima, ya kasa haƙuri. Ya ce, "Alhaji, ai mu ma da ɗan malamai muka yi magana."

"To ka ga kowa ya huta," in ji Alhaji. Sannan ya ƙara da abin da nake jin shi ne gaskiyar maganar. "Kuma ba zan zauna da surukin da zai iya tayar da ni tsaye a gaban mutane duk ran da ya ga dama ba."

Ya kira direbansa, aka shigo da akwatin kayan na-gani-ina-so, ba abin da ya yi ciwon kai a ciki. A kan akwatin akwai wani ƙunshi. Alhaji ya miƙe yana gyara riga, ya nuna shi da carbi.

"Wannan hakkinka ne na jiya. Mu ba ma cin hakkin makaɗi."

Bayan ya fita na zo na duba. Wuya ne da ɗan kayan ciki, a ɗaure da kaba. Yankan ya fita tsaf, ɗaurin kuma irin na da ne, wanda yaran yanzu ba su iya ba. Ba direba ne ya yi wannan ba.

Auta ya shige shago ya kulle. Na ji yana kwance wutsiyar, sannan na ji ƙararta a kan kwanon rufinmu. Ni kuwa na wanke tukunyar da ya taɓa dafa wayoyi a ciki, na dafa naman yadda Inna take yi, da daddawa da citta. Na ajiye masa a bakin ƙofa, a nan ya huce. Yarinyar ta zo sau ɗaya ɗaukar atamfarta da ba ta gama ba, ta zauna a kan kekena ta yi kuka sosai. Ita ta fi ba ni tausayi, don a cikinsu ita kaɗai ce ba ta ɓoye wa kowa komai ba. Daga baya ta auri wani malamin asibiti da ta zaɓa da kanta, ni na ɗinka mata kaya.

Maigidana ya biya ta garinmu da mota ya ba da labari. Ba a daɗe ba sai ga Baba a ƙofar gida, bayan shekarun da ya yi bai tako Kano ba. Ya tsufa. Ya zo ba kalangu, kamar yadda aka umarce shi, amma hannunsa na hagu yana nan a ɗan buɗe daga jikinsa, inda kalangun ke zama. Ya zauna a zaure ya sha ruwa, ya sa aka kira Auta. Auta ya fito ya durƙusa, ya aske suma, kansa a ƙasa. Na tsaya ina jiran faɗan da na daɗe ina so a yi masa.

"An ce Alhajin ya tashi," in ji Baba.

"Ya tashi, Baba."

"Har ya karɓi wuƙa?"

"Har ya karɓa."

"A gaban baƙinsa?"

"A gabansu."

Baba ya gyaɗa kai a hankali, yana ƙoƙarin ɓoye jin daɗi, bai iya ba. Ya ce, "An ba ka kason?"

"An ba ni."

"Ka ci?"

Ni na ce, "Bai ci ba, Baba."

Baba ya dube shi. Ya ce, "Da kana ƙarami har ƙashin kake tsotsa."

Auta ya ɗago kai, idonsa ya sauka a kan hammatar Baba da ba komai a cikinta, ya kasa ɗaukewa. Na koma cikin gida na ɗora musu ruwan tuwo.